Keken Yaya Haladu

Ranar wata Alhamis ce, cikin bazarar shekarar 1970, motar kasuwa ta sauke yayana Haladu a bakin hanyar garinmu, wani ɗan ƙauye da ke kusa da Kwanyawa a ƙasar Ƙaraye. Lokacin ban wuce shekara goma ba. An gama yaƙi, labari kuma ya riga shi isowa cewa an sallame shi daga soja saboda raunin da ya samu a ƙafa. Gari kaf ya fito taryarsa. Ina maƙale a bayan Inna na ga ya sauko da sanda a hannu, ya rame, yana jan ƙafar hagu. Mata suka ɗauki guɗa. Sai wani maharbi maƙwabcinmu, don murna, ya ɗaga bindigarsa sama ya saki. Kafin hayaƙin ya baje, Yaya ya yar da sandar ya faɗi rubda ciki, ya ja jiki cikin ƙura har ya shige ƙarƙashin wani rumbu, ya toshe kunnuwansa, jikinsa na ɓari. Guɗa ta tsaya cak. Ko yara babu wanda ya yi dariya. Baba yana tsaye kamar an dasa shi, don Yaya ɗan farinsa ne, kunya ba ta barinsa ko ya ambaci sunansa, balle ya lallashe shi a gaban mutane. Kakarmu ce ta durƙusa ta yi ta magana a hankali har ya fito.

Gidanmu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni. A gindin tsamiyar da ke bayan gida Baba yake aiki, daga hantsi har la'asar kana jin sautin gizago. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, babu wanda ba ya yi. Guntayen da suka rage, na ƙirya da maɗaci da marke, tara su ake yi a jikin danga, ni kuma aikina ne idan na dawo daga makarantar allo in kwaso wa Inna na girki. Wani lokaci nakan ɓoye wanda ya yi mini kyau in ɗaura masa tsumma ya zama 'yartsana, mu yi wasan aure da ƙawayena a bayan rumbu.

Yaya ya yi watanni a ɗakin da ke jikin zaure, ba ya zuwa gona, ba ya zama cikin samari. Gaisuwa ma da ka yake amsawa. Aka hana daka a kusa da ɗakinsa, aka hana mu buga gwangwani. Wata rana wani yaron maƙwabta yana wasan ɓuya ya diro daga kan katanga ta bayansa, sai Yaya ya juyo ya shaƙe shi, da ƙyar aka ɓamɓare hannunsa. Tun daga ranar Baffa Tanko, ƙanin Baba, ya fara maganar wani malami can gaba da Rogo mai karɓar masu taɓin hankali, ya sa musu marin ƙarfe a ƙafa, ya yi ta ba su rubutu da turare. Mun san wani ɗan garinmu da aka kai, har lokacin bai dawo ba. Daga ƙarshe Baba ya yanke magana a tsakar gida, kowa na ji: "Duk ranar da yaron nan ya sake taɓa wani, ranar zai tafi." Wannan magana ta zauna mana a gida kamar baƙon da ba ya tashi.

Wata yamma na cika zanina da guntaye zan wuce, sai na ji an ce, "Kande, ajiye wannan." Na tsorata har kayan suka zube, don rabon da in ji muryar Yaya na manta. Ya ɗauki wani guntun maɗaci ya jujjuya shi, ya shinshina, ya sa a aljihu. Kwanaki kaɗan bayan haka ya kafa turaku biyu masu kauri a rumfar da ke gefen ɗakinsa, ya soke kowanne da ƙusa mai tsini suna fuskantar juna. Ya samo tsohuwar ƙafar keke wadda ba taya, ya kafa ta a gefe, ya bar mata feda ɗaya a matsayin mariƙi, ya zagaya mata igiyar fata har zuwa jikin itacen da ya maƙala tsakanin ƙusoshin. Maƙeri ya wasa masa tsohon magagari ya zama wuƙa. Daga baya Yaya ya gaya mini cewa a wani gari can kudu ya ga wani tsoho yana irin aikin, ya zauna ya yi ta kallonsa. Abin da ya rage shi ne mai juya ƙafar keken, samari kuwa duk sun guje shi. Ya dube ni, ni ma na dube shi, sai na kama mariƙin.

Har yau ban ga abin da ya ba ni mamaki kamar ranar farko ba. Guntun icen da ba shi da siffa ya fara juyawa, Yaya ya kanga masa wuƙa, ɓawo ya riƙa tashi yana nannaɗewa kamar gashin tunkiya, ɗakin ya cika da ƙamshin ɗanyen ice. Kafin hannuna ya gaji, ga ɗan ƙaramin tulu da wuya da baki, sumul kamar ƙwai. Ya goge shi da yashi da tsumma yana juyawa, ya danna masa waya har ta ƙona baƙin zobe a kafaɗarsa, ya shafe shi da man kaɗe. Daga nan muka yi 'yan gidajen kwalli masu murfi, da kawunan sanda, da ƙananan akusa da mata ke jerawa a ɗaki don ado, da 'ya'yan carbi. Kullum abin da yake ce mini ɗaya ne: "Kada ki yi sauri, kada ki tsaya." Abin da na lura da shi, ni kaɗai, shi ne hannunsa da ke rawa idan yana shan koko, ba ya rawa ko kaɗan idan yana riƙe da wuƙar nan. Amma Inna ba ta taɓa sakin jiki ba. Muddin ina rumfar, tana bakin ƙofa da faifai tana tsince hatsin da ta riga ta tsince. Baba kuwa ko kallon wajen ba ya yi. Ya taɓa cewa, ba tare da ya juyo ba, "A gidan nan da hannu muke sassaƙa, ba da keke ba."

Damuna ta faɗi. Ranar da abin ya faru maza duk suna gona ana noman farko, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi. Yaya ya ɗora wani guntun ƙirya mai nauyi, yana so ya yi wa kakarmu akushi mai murfi. Ina juyawa, iska ta fara kaɗa rumfar, Inna ta ruga kwashe shanya, na ga Yaya yana yawan ɗaga kai yana duban sama. Na so in ce mu bari, ban iya ba. Sai tsawa ta fashe a kanmu kamar an tsaga ƙasa. Hannunsa ya zabura, wuƙar ta nutse cikin icen, na ji ƙara, wani abu ya doke ni a goshi sama da idon hagu. Ban ji zafi ba da farko, ɗumi kawai na ji yana gangaro mini a fuska. Yaya ya ga jinin, ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, ya fizgo ni ya kwantar a ƙasa, ya rufe ni da jikinsa yana cewa, "Kwanta! Kada ki ɗaga kai!" Wuƙar tana hannunsa, ya manta da ita. Haka Inna ta iske mu: shi a kaina, ƙarfe a hannu, jini ko'ina. Ihunta ne abu na ƙarshe da na ji.

Na farka bayan azahar a ɗakin Inna, ruwa ya ɗauke, wanzami ya cusa mini magani ya ɗaure kaina da ƙyalle, idona ɗaya ya kumbura ya rufe. Mata sun cika ɗakin suna salati. Daga maganganunsu na tsinci abin da ya faru: maza sun rugo daga gona cikin ruwa, sun taru sun danne Yaya, sun ɗaure shi da igiyar shanu a zaure. Bai yi kokawa ba. Baffa Tanko ya aika a kira maƙeri ya zo da mari, gobe da sassafe za a ɗora shi a jaki a nufi Rogo. Na ce, "Inna, ba shi ba ne, icen ne." Ta dafa ni ta ce, "Yi shiru, Kande, zazzaɓi ne ke damun ki." Na sake faɗa, wata gwaggo ta ce ai dama yaro ba ya sanin abin da ya same shi. Sai na ji ƙarar ƙarfe daga zaure, an zube shi a ƙasa. A garinmu 'ya mace ba ta shiga zaure idan maza na shawara, ko babbar mace ce, balle ni. Na ce zan zaga bayan gida. Da na fita, na bi ta rumfar, na lalubo rabin icen cikin taɓo, na rungume shi, na nufi zaure.

Yaya yana zaune a ƙasa, hannuwa a baya, kansa a sunkuye, rigarsa duk jinina. Maƙeri ya durƙusa a gabansa yana gwada marin a idon sawunsa mai ciwon. Baffa ya hango ni ya daka mini tsawa: "Ke! Me ya kawo ki nan? Koma ciki!" Ban koma ba. Na wuce na durƙusa a gaban Baba, na ajiye icen, na ce, "Baba, wannan ne ya fashe ya buge ni. Yaya kare ni ya yi. Ya zaci harbi ake yi." Baffa ya ce, "Ko ma mene ne, jini ya zuba a gidan nan, kuma an riga an yi magana. Sai ya kashe wani za a yarda?" Wasu suka gyaɗa kai. Maƙeri ya ɗaga guduma ya tsaya yana duban Baba.

Baba ya ɗauki icen ya juya shi, ya bi tsagar da babban yatsansa. Can ya ce, a hankali, "Na san guntun nan. Ni na yar da shi, don na ji tsaga a cikinsa tun ina sarar wani turmi. Na ga lokacin da ya ɗauka, ban ce masa komai ba." Ya ajiye icen ya dubi maƙerin ya ce, "Mai da kayanka, Allah ya saka da alheri. Ku kwance Haladu." Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Yaya ya ɗago kai ya dube shi, sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi kuka irin na yara, babu wanda ya hana shi. Baffa ya karkaɗe rigarsa ya fita, ya daɗe kuma bai sake taka gidanmu ba.

Inna ta rantse ba zan ƙara kama mariƙin nan ba, ba ta kuwa janye ba. Keken ya yi kwanaki a tsaye. Wata safiya na ga Baba a jikin danga yana ɗaukar guntaye ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowanne da bayan gizago yana saurare. Masu kyau ya kai su bakin rumfar ya zube. Da la'asar ya dawo, ya tattare rigarsa, ya zauna a inda nake zama, ya kama fedar. Ina leƙe ta danga na ga ya fara da sauri, igiyar ta zame, Yaya ya mayar da ita, Baba ya sake farawa a hankali. Yaya bai warke sarai ba. Har ya tsufa, idan hadari ya taso ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa. Amma ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, kayansa sun kai kasuwar Ƙaraye da ta Rogo, kuma ba a taɓa sa masa ƙarfe a ƙafa ba.

Yanzu Baba da Inna da Yaya duk sun riga mu gidan gaskiya. Bara na je garin, na tarar jikokin gidan ba mai sassaƙa a cikinsu, ƙirya da maɗaci sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga ɗaya, ɗakunan amare kuma roba ce da tangaran. A birni na ga masu injin lantarki suna fitar da ƙafar gado kafin ka gama gaisawa da su, mutum ɗaya, ba ya bukatar kowa ya zauna a gefensa. Aikinsu yana da kyau, ban raina ba. Sai dai nakan tsaya in yi tunanin da irin wannan injin Yaya ya samu, da ya rufe ƙofa ya yi ta aikinsa shi kaɗai. Ashe rahamar da ke cikin namu ita ce ba ya juyawa sai da mutum biyu.