Kafet Bai Riƙe Layin Jikana Ba

Mun tashi da asuba daga Durba, ni da maƙwabciyata a kan acaɓa ɗaya, muka ratsa Kibiya don mu riski motar magoya baya a tashar Rano. Jikana ne mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon Rano, za su buga wasan cike gurbi a birni, wanda ya ci ya hau rukunin da ake biyan albashi. Ubansa ya riga ya yanke magana: in ba su hau ba, ya bi yayyensa Kudu neman kuɗi. Ni na goye shi, shi kaɗai ya rage mini a gida. To kun ji abin da ya fito da tsohuwa.

Kuɗin mota ya ninka, ramukan hanya kuwa sun haihu. Ƙosan tasha ya koma kamar ƙwayar ido, na saya don dole, na ci ina tsaki. Ba mu yi nisa da Rano ba aka soma musu. Wani mai ƙaton wuya ya ce zalunci ne, a ce ka fi kowa maki tun farkon kaka, sannan a ce sai ka sake buga wasa ɗaya. Na kusa da shi ya ce, "Kai dai tsoro kake ji, Malam. Filin birni kafet ne, ciyawar roba, ƙwallo ba ta tsalle kamar a kwazazzabonku." Wani Bafulatani da muka ɗauka a hanya ya ce, "Ciyawar da saniya ba ta ci?" Mota ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Shekara da shekaru ina toya awara a bayan ragar filin Rano, na ga ƙwallon da ba su gani ba.

A ƙofar fili mai gadi ya ce, "Iya, nan fa maza ne." Na ce, "Ni na haifi mazan, matsa." Ya matsa.

Fili kore shar, sumul kamar dardumar masallaci, amma da rana ta take, wari yake irin na tayar da aka ƙona. Jikana ya hango ni ya ɗago hannu, ya ce, "Amarya, har da ke?" Na ce, "Je ka, mijin banza, kar ka ba ni kunya."

Ga abin da ba a faɗa a mota ba. A filinmu na ƙasa, kafin a take leda, yaron nan yakan tsaya a tsakiyar raga ya ja layi da diddigensa har gaba. In ya fito, ba ya waiwaye, ƙasa yake kallo ya san inda ragarsa take. Haka duk gololin wajenmu suke yi. Ina kallo ya ja ƙafa a kan kafet, ya duba, babu komai. Ya sake ja. Robar ta miƙe abinta kamar ba a taɓa ta ba.

Ya yi ƙoƙari, wallahi, har gwiwarsa ta saɓule. Amma duk fitowa sai ya waiga. Dab da tashi wani ɗan siriri ya kwaso ƙwallo, jikana ya fito ya tare shi, ashe ya karkace hagu ya bar rabin raga a buɗe. Ni daga inda nake na gani, na yi ihu, muryata ba ta kai ba. Ƙwallo ta shige raga, da ita aka fitar da mu.

A hanyar dawowa musu ya ci gaba, wannan ya ce laifin kafet ne, wancan ya ce na masu tsara gasa. Mai ƙaton wuya ya juyo ya ce, "Iya, ke me kika gani?" Na ce ban ga komai ba.

Na gane cewa an canza ƙasar da za a auna yaranmu a kanta, ba kuwa wanda ya gaya musu. Jikana ya hau motar Kudu ranar kasuwa. Jiya na kai kaskona bayan raga, na tarar layinsa na nan a ƙasa, awaki ba su gama takewa ba. Ban hura wuta ba, na ɗauko kaskon na dawo gida.