Sista Nguavese, mai gadin ƙafafun masu ciwon suga

Kafin bakwai na safe Sista Nguavese ta sauka daga acaɓar da ta ɗauko ta daga Shabu, ta jera masu ciwon suga a kan benci, kowa ya cire takalmi. Takan danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ta saki, ta zuba ido ko jini zai dawo. Tun 1996 take wannan aiki a wani ƙaramin asibiti a Lafiya.

Takan gaya musu cewa in mutum ya ci abinci, hanji na sakin wani sinadari da ke taimakon ƙananan jijiyoyin jini na cikin tsoka su buɗe, suga ya samu hanyar shiga. Ga mai ciwon suga aikin nan yakan yi rauni, kuma ɓarnar takan soma daga ƙafa.

A 2004 aka kawo Malam Muntaka, tela mai keken ƙafa, yatsunsa biyu sun yi baƙi, ƙafar ta yi sanyi ƙalau. Likita ya ce in ruɓar ta hau, sai an yanke daga gwiwa. Haka aka taɓa yi wa yayan Muntaka, bai yi wata ba ya rasu. Muntaka ya sulale ya gudu gida.

Ta bi shi. Ta same shi ya lulluɓe ƙafar da zane, ɗakin yana wari, matarsa Zuwairatu tana kuka. Sista ta ɗaga zanen, ta duba ƙafar.

"Malam, ni ma tsoro nake ji," ta ce. "Amma ƙafan nan bai mutu duka ba. Ka dawo."

Ya dawo. Kwana goma sha tara tana wanke ciwon, tana ba shi allura, tana shata iyakar baƙin da biro, kullum tana kwance bandeji ta duba. Baƙin bai ƙetare layin ba. Yatsu biyu suka tafi, ƙafa ta tsira, har yau da ita yake taka keke.

Sista, ke ce kika taɓa abin da 'yan uwa ke kau da kai a kansa. Bana, 2010, za ki yi ritaya, majinyatanki suna ta tambayar wa zai karɓe ki, kuma ba a ba su amsa ba tukuna.

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki. Ku kuma matasan ma'aikatan jinya, ku je ku koya a hannunta tun tana nan.