Gidan da Kawu Ya Gina Daga Bakin Daga

Kawuna, yayan mahaifiyata, magini ne kafin ya shiga soja. Ba ya iya wuce bango sai ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya karkace. Da yaƙi ya tashi aka tafi da shi, ya bar gidansa ginin bai wuce ƙugu ba, ga tulin yashi a ƙofa, ga matarsa da goyo a ɗakin surukai.

Sauran sojoji gaisuwa suke rubutowa da neman addu'a. Kawu layi ɗaya yake ba gaisuwa, sauran takardar duk gini ne. Ya ƙudura sai ya ƙarasa gidan daga can, ta hannun ƙanensa, wanda tela ne, ko cebur bai taɓa riƙewa ba.

Sai dai ofishin da ke tace wasiƙun soja yana yanke kowace lamba da reza, wai kada abokan gaba su amfana. Kwanan wata ya tafi, awo ya tafi. Wasiƙa takan iso kamar rariya: "A bar taga a bangon gabas, faɗinta ƙafa," sai rami. Ga shi kuma ta baya kan riga ta gaba isowa.

Tela ya ce wa kakanmu, "Baba, mu jira ya dawo mana."

"Mutum harsashi na wuce masa ta kunne ya zauna ya rubuto, kai kana kan keken ɗinki za ka ce a jira? Yi yadda yayanka ya ce."

"To, ƙafa nawa?"

Kaka ya ɗaga takardar, ya leƙa ta ramin. "Ka dai ga ba babba ba ce."

Aka yi tagar da kan mage ne kawai zai shiga.

Ana gama rufi wata ta zo: "Ƙofar nan da na ce a buɗe, na sake tunani, a toshe ta." Babu wanda ya ga wasiƙar da ta ce a buɗe wata ƙofa. Ƙofa ɗaya ce a gidan, ita aka toshe. Matar Kawu, da ta riga ta tare, ta koma hawa tsani da tulu a kai. Bayan damina tsohuwar wasiƙar ta iso: a fasa ƙofa ta kudu. Tela ya fasa, ya tsinci kansa a madafar maƙwabci, matar gidan tana kallonsa da ludayi a hannu. Daga nan ta cikin gidan mutane ake shiga gidan Kawu, a yi sallama sau biyu.

Kawu ya sa aka yi matakala. Wasiƙar da ta yi bayanin benen ba ta taɓa isowa ba, don haka matakalar ta hau ta tsaya a sararin Allah.

Matarsa ta gaji ta rubuta masa: "Maigida, ɗanka ya fara tafiya, ba ka tambaya ba." Amsar ta zo: "Madalla. A hana shi taka ɗanyen siminti." Ta yi kuka, ta kuma yi dariya. Sai daga baya ya faɗa mata aikinsa a can haƙa ne, ramin ɓuya da ramin binne abokai, kuma ba shi da abin rubutawa game da su.

Ya dawo kunne ɗaya a toshe. Ya zagaya gidan yana neman hanyar shiga, har maƙwabci ya kama hannunsa ya bi da shi ta madafa. Ya tsaya a tsakar gida, kowa na jiran faɗa. Ya shafa bango, ya dubi ƙanensa.

"Wa ya koya maka yaɓe?"

"Yaya, kamar guga na ɗauke shi."

"Ya yi santsi," in ji Kawu, ya zauna ya cire takalmi.

Bai rushe komai ba. Ya ce abin da ya rubuta aka yi masa, ba shi da bakin magana. A gidan ya tsufa, ya haifi sauran 'ya'yansa. Ya ci gaba da yi wa mutane gini mai kyau, amma duk mai son ba shi aiki a shagon tela yake ganawa da shi. In mutum ya nace sai ya ga gidan magini, Kawu yakan juya masa kurman kunnen, ya ce, "Na'am? Yashi? Ai yashi ya yi tsada."