Ɗan mujiyar da ya faɗo bayan gidanmu

Shekarun baya, lokacin da na fara riƙe salula mai kyamarar kirki, wata cuta ta kama ni ta ɗaukar tsuntsaye. In na taso daga aiki, sauran samari su nufi fada shan shayi, ni kuwa in laɓe bayan gidanmu nan Gaya ina jiran kurciya ta sauko shan ruwa. Na ɗauki marai suna saƙar sheƙa, na ɗauki shamuwa, har Tounouga na taɓa zuwa a moto, wato babur, saboda wani zalɓe, wanda ya tashi tun ban ciro salular daga aljihu ba. Abokina yakan ce duk tsuntsayen garin nan sun san ni, 'yan mata ne kawai ba su san da zamana ba.

Wata damina aka yi iska mai ƙarfi. Da safe mahaifiyata ta zagaya bayan gida ta tarar da wani abu fari kamar curin auduga a gindin wata matacciyar giginya. Ɗan mujiya ne ya faɗo daga kogon da ke sama. Fuskarsa shimfiɗe, idanu baƙi wuluk, yana ta huci. Mahaifiyata ba ta iya ganin abu mai rai cikin wahala ta wuce, don haka ta sa shi a ƙwarya da tsumma kada kyanwa ta ɗauke, ta riƙa miƙa masa guntun kifi tana cewa, "Sannu baƙo, ina uwarka ta baro ka?"

Ni me zan yi in ba ɗauka ba? Na ɗauke su bidiyo tsaf, ita da shi, na ɗora a waya kowa ya gani. Na san abin da ake faɗa a kan mujiya, da shi na tashi, amma murnar samun abin da ban taɓa ɗauka ba ta rufe mini ido. Da yamma na ari tsani na mayar da shi kogonsa, na manta da zancen.

Ba a yi nisa ba ɗan maƙwabcinmu ya kwanta. Yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba, kullum yana gidanmu, mahaifiyata na ba shi fura. Zazzaɓi ya fara, daga nan sai jijjiga, idanu suka juye. A wajenmu in ƙaramin yaro ya yi haka, sai a ce tsuntsu ne ya kama shi. A daidai wannan lokaci wani ya kai wa kakar yaron bidiyon nan, aka ga tsohuwa riƙe da mujiya a ƙwarya tana yi mata magana kamar jika.

Bayan azahar ina ɗaki na ji hayaniya. Kafin in sa takalmi tsakar gidanmu ta cika. Mata na kuka, samari na ƙofa da sanduna, fuskokin da na sani tun ina yaro amma ranar ba wanda ya amsa gaisuwata. Kakar ta shimfiɗa yaron a tabarma gaban mahaifiyata, ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah ki tsallake shi. Ki sakam muna ɗanmu."

Ga wanda bai sani ba, haka ake yi wa wadda ake zargi da maita: a sa ta tsallake marar lafiya don ta saki kurwarsa. Nan take na gane ramin da muka faɗa. In ta tsallake ya warke, ta tabbata mayya har jikokinta. In ta ƙi ya mutu, ita ta cinye shi, kuma sandunan nan ba don ado aka zo da su ba. Na ciro salula ina ta surutu, wai zan nuna musu cewa tsuntsu ne kawai ya faɗo, wani ya make hannuna ta yi can gefe. Daga bayan katanga kuma na fara jin saran gatari a jikin giginyar.

Mahaifiyata ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi yaron, ta dubi ubansa, ta ce, "Kai, gabana anka haife ka. Ni ba ni tsallake ɗan mutum, kuma ba ni taɓa shi. Ɗauki ɗanka da hannunka, ɗana shi kai ku likita yanzu. Ni ga ni nan zaune, ba inda za ni. In ya mutu, kun san inda nike."

Ta jawo tabarma ta zauna a tsakiyarsu. Na ce, "Inna, in bar ki cikinsu?" Ta ce, "Tashi moto."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba. Manyan motocin kaya sun yi layi a hanyar iyaka, ina kutsawa tsakaninsu, taɓo na fallatsa, uban na bayana rungume da yaron. Can na ji ya daina salati. Na tambaye shi, "Yana numfashi?" Ya ce, "Tafi dai." A raina ba yaron kaɗai na goyo ba, har da ran mahaifiyata, kuma ba ni da abin yi sai murɗa moto.

A asibiti ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta taɓa jikinsa, ta ɗebi jini a yatsa, ta ce zazzaɓin sauro ne ya hau masa kai. Aka yi masa allura, aka sa ƙarin ruwa. Na tsaya a bakin taga ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Duk sanda ya ɗan jinkirta, sai in ga tsakar gidanmu da sandunan nan. Wajen magariba ya motsa, ya buɗe ido, ya fasa kuka yana neman uwarsa. Ni ma na zauna a ƙasa na yi nawa kukan, ƙato da ni, gaban mata.

Da na dawo gida na tarar da mahaifiyata a kan tabarmar nan, inda na bar ta. A wurin ta yi la'asar da magariba. Mutane sun sulale ɗaya bayan ɗaya da labari ya iso. Giginyar na kwance, mujiyoyin kuma an gama da su. Bayan an sallamo yaron, ubansa ya zo ya durƙusa yana neman gafara, ta ce ta yafe. Amma a bakin rijiya wasu sun ci gaba da cewa ai ganin an ritsa ta ne ya sa ta sake shi.

Har yau ina ɗaukar tsuntsaye, sai dai ba na ƙara sa fuskar mutum a ciki, kuma kafin in ɗora abu nakan tambayi kaina yadda wanda ke cikin firgici zai gan shi. Yaron ya girma, yana lakkol, wato makarantar boko, in ya wuce yakan gaishe da mahaifiyata. Maganar ta mutu a unguwa, ni ma na ɗauka ta mutu a wajenta.

Sai ranar da matata ta haifi ɗanmu na fari. Aka wanke shi, aka naɗe, na kai wa mahaifiyata da murnata. Ta leƙa fuskarsa, idonta ya cika, amma hannayenta suna bayanta. Ta juya wajen surukarta ta ce a hankali, "Ɗiyata, kin yarda in ɗauke shi?"