Malam Uwaisu Mai Tambayar Zuciya

Kullum da safe, kafin a taɓa alli, Malam Uwaisu yakan tsaya a ƙofar aji ɗaya na elementaren Dandamisa yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya: "Yau me ke ranka?" Wanda ya ce lafiya lau, sai ya ce, "Ta jiki na gani. Ta ciki fa? Tsoro ne, ko haushi, ko murna, ko kunya?" Mutanen gari sun sha yi masa dariya, wai gwamnati ta aiko shi koyar da boko ya ɓige da duba. Bana, shekara huɗu da samun mulkin kai, ya ajiye aiki, kuma masu dariyar ne suka fi kowa jin tafiyarsa.

A tambayi Labaran manomi. Ɗansa Iliyasu, ɗan shekara bakwai, ya yi wata biyu yana kukan ciwon ciki duk safiya. An ba shi jiƙe-jiƙe, an ba shi rubutu, shiru. Labaran ya yanke cewa boko ne bai karɓi yaron ba: ranar Asabar wanzami zai yi masa tsaga a ciki, daga nan makaranta ta ƙare.

Malam ya zaunar da yaron a gindin ɗorawa, bai ce masa ya daure ba.

"Yaushe cikin yake lafawa?"

"In na tuna Kaka Luba... a'a, lokacin ma ya fi."

Ashe tun yaye yaron yana hannun kakarsa a ƙauyen Taba, sai da aka zo ɗaukar 'yan makaranta aka dawo da shi. Ga shi ɗan fari, uwarsa don kunya ko sunansa ba ta faɗa.

"Wannan abin yana da suna," in ji Malam. "Kewa ce. Faɗi in ji."

Yaron ya faɗa, ya fashe da kuka, Malam ya bar shi ya yi mai isarsa. Da la'asar ya kai shi zauren ubansa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam Labaran, a dakatar da aska, a saurari yaro."

Iliyasu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kewar Kaka nake ji."

Labaran ya dubi ɗansa. Can ya ɗaga rigarsa ya nuna tabon tsaga a nasa cikin. "Ni ma shekarar da aka rabo ni da tawa kakar aka yi mini wannan. Ba wanda ya tambaye ni." Ranar Asabar ɗin, a kan keke ya goya ɗansa zuwa Taba.

Malam, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu faɗin abin da ke damunsu da sunansa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuma iyaye, in yaro ya riƙe ciki, mu tambaye shi tukuna kafin mu aika a kira wanzami.