Inna Sailuba Mai Banda Ta Sauke Ganga

Da an sallame asuba, Inna Sailuba ta hura gawayi a gangar banda a bayan gidan ɗanta a Fort Washington, nan Amurka. Duk Bahaushen da ya jefa ƙugiya a kogin Potomac, wurinta yake kai kifi. Ba ta karɓa sai ta latsa cikinsa da babban yatsa.

A zangon Hausawa na garin Elmina ta tashi, bakin teku, inda ba mai shiga ruwa ran Talata. Dokar ta taho da ita har Amurka. Kamun Talata ba ya hawa gangarta, haka ƙanana, haka mai ƙwai. Likita Misbahu ya taɓa nuna mata lasisinsa na kamun kifi, ta ce, "Ɗana, kai wa lasisin ya banda maka." Shi ya sa lungun da muke kamu har yau da kifi.

Ni Ilu, ɗan Yawuri, ban san ƙofar aji ba, amma sau biyu kwalekwale na kifewa da ni ina fitowa da hulata. A 2009 na jawo wata tarwaɗa da ba a taɓa ganin irinta ba. Inna kaɗai ke bakin ruwan, ta zo duba masu kamu. Ta latsa cikin, ta ce, "Baba Ilu, mai ciki ce. Mayar."

"Inna, bari in nuna wa jama'a tukuna."

"Kafin ka dawo ta mutu. Mayar!"

Na mayar. Da na ba da labari ba wanda ya yarda, tun ranar yara ke kirana Baba Ta-Kuɓuce, ita kuwa bakinta gum.

Bana hayaƙi ya ci idonta, za ta koma gida, ga shi ita ce shaidata ɗaya a duniya. A walimar ban kwana na roƙe ta gaban kowa ta shaida girman tarwaɗar. Ta ce, "Sai ka karɓi tsaron ruwa ran Talata." Na karɓa. Ta miƙe, ta ware hannuwa iya ƙarfinta. Hannunta gajere ne, jama'a su ƙara da hankalinsu.

Ke ce uwar ruwa, Inna, mai yatsan da ya fi na'urar asibiti. Mun gode, Allah ya ba idon lafiya. Ku kuma samari, ku latsa ciki kafin ku cika bokiti. Wanda ya zo ran Talata, ni zai tarar, kuma sai ya ji labarin tarwaɗata daga farko.