Gurasar Inna Ladi Daga Tanderun Cikin Birni

Kowace Asabar da hantsi, Inna Ladi takan tankaɗe garin alkama, ta kwaɓa shi ba yisti, ta manna a tanderu. Guda ɗaya take yi, faffaɗa, domin a ƙaramin cocinmu na gindin dutsen Kufena ba a sa wa gurasar Jibin Ubangiji wuƙa. Fasto ne ke kakkarya ta da hannu, kowa ya sami gutsure. Tun muna yara take wannan aiki, yawancinmu sai dai ci, ba mu taɓa tambayar mai toyawa ba. Yanzu da idanunta suka yi rauni ta ajiye, dole a faɗi abin da ta yi a 1987.

A rikicin shekarar aka ƙone cocin, aka haɗa da gidanta, tanderun ya tarwatse. Kowa ya fid da rai da Jibin Ubangiji. Ranar Asabar sai ga Ladi da ƙwaryar gari a ka, ta nufi cikin ganuwa. Mata suka riƙe baki. Gidan yayanta Musulmi, Malam Ɗahiru, ta dosa a Ƙofar Galadima, gidan da rabonta da shi tun da aka yi mata baftisma.

Matarsa Hajo har yau tana ba da labarin: "Sai ganinta na yi a tsakar gida. Na ce, 'Ladi, a wannan hali?' Ta ce, 'Yaya, aron tanderu na zo.'" Malam kuwa itace ya aiko daga zaure.

Ranar Lahadi aka taru a kangon cocin, toka har idon sawu, labari kuwa ya riga ya bazu. Jibril kafinta, wanda aka ƙone wa shago, ya miƙe tsaye. "Wutar cikin birni ce za ta gasa mana jikin Almasihu? Ni kam ba zan ci ba!" Fasto kansa ya tsaya da gurasar a hannu, mu duka tsoro ya kama mu, don in Jibril ya fita, rabin jama'a za su bi shi.

Ladi ta ce, "Jibril, ɗana, Ubangiji ya san za a ci amanarsa, ya san almajiransa za su gudu su bar shi, duk da haka ya karya gurasa ya miƙa musu. Kyautarsa ce. Ba ni na ba ka ba, ba kuma Hajo ba."

Jibril ne na ƙarshe a layi. Ya durƙusa cikin toka, ya buɗe hannu biyu yana kuka.

Inna Ladi, ke ce kika ciyar da mu ranar da zuciyarmu ta ƙi abinci. Mun gode, Allah ya sāka miki. 'Yan'uwa, ƙwaryar tana nan tana jiran mai ɗauka. Wadda ta ɗauka ba za ta rasa tanderu ba, Hajo ta ce nata yana nan.